Gudu kaɗai yana cin ƙwallo? Abin da zakarun tsere suka tarar a filin zari-rugar Amurka

Da an gama girbin hatsi, an ɗaure damma an kai rumbu, sai filayen wasa na gundumomin Tasawa da Mayahi su farfaɗo. Daga Maijirgi zuwa Korgom, daga Kanambakashe zuwa Sarkin Hausa, da wuya a sami garin da ba shi da fegen da samari ke kafa itace biyu su kira shi raga. Da wuya kuma a sami garin da ba shi da yaron da kowa ya shaida ya fi tsararsa gudu. Shi ake aika in an matsu, shi ke kamo akuyar da ta tsinke igiya. Ranar da za a kara da ƙauyen maƙwabta, masu shirya ƙungiya ba su yin doguwar shawara: a sa shi gaba, a riƙa doka masa balo can nesa yana bi. Wani lokaci dabarar takan ci. Sau da yawa kuwa yaron yakan riga kowa isa wurin ƙwallo, sa'an nan ta kuɓuce masa a ƙafa, ƴan kallo su riƙe kai.

Wannan al'amari ya wuce hirar fada da shan shayi. Ya shafi malaman motsa jiki na makarantu, da magadan gari masu ware kuɗin wasanni, da iyayen da wani zai zo ya ce musu ɗansu zai yi arziki a ƙasar waje saboda saurin ƙafarsa. Tambayar ita ce: gudun da ya sa mutum ya zama zakara a fagen tsere, yana binsa zuwa wani wasa dabam? Babu ƙasar da ta gwada wannan tambaya da kuɗi da mutane kamar Amurka, kuma sakamakon yana rubuce, shekara da shekara.

Wasan da ake magana a kai

Amurkawa suna da wani wasa nasu da suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa. Ɗan'uwan zari-ruga ne. Ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Tsawon fili yadi 100 ne, irin yadin da ake auna ƙyalle da shi a kasuwa, wato kimanin mita 91, ban da yadi goma-goma na gidan kowace ƙungiya. Ana bai wa masu riƙe da ƙwallo dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun ci, a sake ba su huɗu. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shiga gidan abokan karawa riƙe da ita ya sami maki 6. Ƴan wasa suna sa hular kwano da matashin kafaɗa, kamar barade da kwalkwali da lifidi, domin doka ta yarda a bangaje mai ƙwallo a kayar da shi ƙasa.

Duk wanda ya taɓa yin langa a farin wata zai gane tsarin nan da nan. A langa akwai wanda ake kira ruwa, shi ne zai ratsa ya je ya sha, ƴan'uwansa suna tare masa hanya suna ture masu son kayar da shi. Haka nan a wasan Amurkawa: ƙarti suna gaba suna tokare ƙarti, wani yana baya yana jefa ƙwallo, waɗansu kuma suna rugawa su cafe ta a sama. Waɗannan masu cafewa su ne ake nema wa gudu, kuma a gurbinsu ne aka riƙa sa zakarun tsere. Babbar gasar ƙwararru sunanta NFL, tana da ƙungiyoyi 32, wasanta na ƙarshe kuwa shi ne Super Bowl.

Mutum ɗaya da ya ci, da waɗanda suka biyo sawunsa

A watan Oktoba na 1964, a wasannin Olamfik na Tokiyo, wani Ba'amurke mai suna Bob Hayes ya lashe tseren mita 100 cikin sakan 10 daidai, a kan hanyar da ƙafafun masu tseren da suka gabace shi suka riga suka tone. Ya ƙara da zinariya ta biyu a tseren miƙa sanda. Shekara ta gaba ya shiga ƙungiyar Dallas Cowboys. A kakarsa ta farko, 1965, ya cafe ƙwallo 46, ya ci yadi 1003, ya shiga gida sau 12. A 1966 ya shiga sau 13. Babu mai tsaron bayan da ke iya binsa ƙafa da ƙafa, har ana cewa shi ya tilasta wa masu horarwa su faɗaɗa dabarar tsaron yanki, inda kowa ke gadin wani sashe na fili maimakon bin mutum guda. A Janairu 1972 ƙungiyarsa ta ɗauki Super Bowl. Har yau shi kaɗai ne ya haɗa zinariyar Olamfik da wannan kofi.

Ganin haka, sai masu ƙungiyoyi suka ɗauka sun gano rijiya. Amma sun manta da abu guda. Hayes ɗan ƙwallo ne tun kafin duniya ta san shi da tsere. Ya buga wasan a jami'ar Florida A&M ƙarƙashin mai horarwa Jake Gaither, ya saba da duka, ya saba da riƙon ƙwallo a tsakiyar turmutsutsu. Ƙungiyar Dallas ta sayi ɗan wasa ne wanda Allah ya ƙara masa gudu.

A 1968, a birnin Meziko, Jim Hines ya gama mita 100 cikin sakan 9 da ɗigo 95, shi ne na farko da agogon lantarki ya shaida ya sauka ƙasa da sakan 10. Wannan bajinta ta yi shekara 15 ba a karya ta ba. Ƙungiyar Miami Dolphins ta ɗauke shi, alhali rabonsa da wasan tun yana makarantar sakandare. A kakar 1969 duka ƙwallo biyu ya cafe, yadi 23. Abokan wasansa suka laƙaba masa wani suna mai ma'anar "kash!", abin da mutum ke faɗa in abu ya suɓuce masa. Wasa ɗaya ya ƙara yi a Kansas City a 1970, shi ke nan. Tommie Smith, zakaran mita 200 na wannan shekara, wanda duniya ta sani da ɗaga dunƙulallen hannu a kan dandamalin karɓar lambar yabo, ya je Cincinnati: ƙwallo ɗaya ya cafe a duk zamansa.

Labarin da ya fi ban tausayi shi ne na Renaldo Nehemiah. A watan Agusta na 1981, a Zurik ta ƙasar Suwizalan, ya yi tseren mita 110 na tsallake shinge cikin sakan 12,93, mutum na farko da ya sauka ƙasa da 13. Bai je Olamfik na Mosko ba a 1980 saboda ƙasarsa ta ƙaurace. A wancan zamani tsere ba ya ciyar da mai yinsa a fili, don haka a 1982 ya karɓi kwangilar San Francisco 49ers, bai kuwa taɓa buga wasan a jami'a ba. Cikin kaka uku ya cafe ƙwallo 43, ya shiga gida sau huɗu. A wani wasa da Atlanta a 1983 an bangaje shi har ya suma. Kuma da yake ya zama ɗan wasan kuɗi, dokar lokacin ta hana shi shiga Olamfik na Los Anjalas a 1984, inda aka ci zinariyar fanninsa da sakan 13,20. Ya koma tsere a 1986, amma ganiyarsa ta wuce, bai taɓa taka fagen Olamfik ba. Wanda ƙungiyar ta ɗauko a 1985 ya cike gurbinsa shi ne Jerry Rice, mutumin da ba a taɓa lissafa shi cikin mafiya gudu ba, wanda kuma ya gama aikinsa da cafe ƙwallo 1549, adadin da har yau ba wanda ya kai.

Ina gudun ke tafiya?

Masu farauta na Gulbin Kaba sun san amsar tun kafin masana su auna ta. Kare mai ƙafa yana iya cim ma zomo a miƙe, amma zomo ba ya ba shi miƙe: yana gab da kamuwa sai ya karya kwana, kare ya wuce da ƙarfinsa, kafin ya juyo an bar shi. Dokin sukuwa ma haka yake. Wanda ya ci tsere ranar salla ba lalle ne ya iya ratsa gonar da ke cike da kututture ba.

Ɗan tseren mita 100 yana buƙatar fili kafin ya kai ƙarshen saurinsa. Lokacin da Usain Bolt na Jamaika ya kafa tarihin sakan 9,58 a Balin a 2009, tsakanin mita 60 da 80 ne ya kai ƙololuwa, sama da kilomita 44 a awa. A zari-rugar Amurka kuwa kowane hari sakan kaɗan ne, kuma mai jefa ƙwallo yakan sake ta kafin sakan uku su cika, domin ƙarti suna kansa. Mai cafewa zai ruga yadi goma ko goma sha biyar, ya taka birki, ya karya dama ko hagu a daidai wurin da aka tsara, ya waiwaya, ya sami ƙwallon tana tafe. Duk horon ɗan tsere akasin haka ne. An koya masa kada ya waiwaya, kada ya karkata, ya saki kafaɗa, ya miƙe jiki tsaye. Jiki tsaye a wancan fili kuwa abin bangaza ne. Shekarun da ya yi yana koyon yadda ake ƙara sauri, abokin karawarsa ya yi su yana koyon yadda ake rage shi cikin taki biyu.

Sai batun hannu. Cafe ƙwallo mai tsini da ke juyawa a iska, tana zuwa ta bayan kafaɗa, alhali mutum ya san wani mai kilo 95 yana tafe da gudu zai haɗu da haƙarƙarinsa, abu ne da ake koyo tun ƙuruciya, da maimaici dubu bisa dubu. Sai batun kai. Kowace ƙungiya tana da kundin dabaru mai ɗaruruwan tsare-tsare da za a haddace, kuma dole mai cafewa ya karanta tsayuwar masu tsaron baya yana cikin gudu, ya yanke shawara iri ɗaya da ta mai jifa ba tare da sun yi magana ba. A fagen tsere ba mai taɓa ka, ba mai yaudararka, layinka naka ne daga farko har ƙarshe.

Su kansu masu NFL suna auna gudun samarin da za su ɗauka a kan yadi 40, wato mita 36 da rabi, ba 100 ba. Duk da haka awon yakan ruɗe su. A 2017 John Ross ya yi sakan 4,22, wanda a lokacin ba a taɓa yi ba, Cincinnati ta zaɓe shi na tara cikin duk samarin shekarar. Ya gama kakarsa ta farko bai cafe ko ƙwallo ɗaya ba. In aka juya tambayar ma, amsar ba ta sauya ba. DK Metcalf, ɗaya daga cikin mafiya gudu a NFL, ya shiga tseren mita 100 da ƙwararru a Mayu 2021, ya yi sakan 10,37. Ga mutum mai nauyin sama da kilo 100 abin a yaba ne, amma shi ya zo na ƙarshe a rukuninsa.

Akwai wani ɗan Afirka ta Yamma da ya saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma ya kamata a faɗi gaskiyarsa. Christian Okoye, haifaffen Inugu ta Najeriya, ya je karatu Amurka a 1982 a matsayin mai jifan faifai. Da ba a sa shi cikin tawagar ƙasarsa ta Olamfik a 1984 ba, sai ya koma wasan da bai taɓa bugawa ba, yana da shekara 23. Kansas City ta ɗauke shi a 1987, a 1989 kuma ya fi kowa a NFL cin yadi da ƙwallo a hannu, 1480. Sai dai a lura da gurbin da aka ba shi. Ba a ce ya cafe a sama ba. Ana danƙa masa ƙwallo a ciki, ya kutsa da nauyinsa na kusan kilo 120 da ƙarfin cinyar mai jifa. Da ɗan kokowa ya fi kama, ba da ɗan tsere ba. Gwiwoyinsa kuma ba su kai shi nesa ba: kaka shida ya yi.

Wannan ya kawo maganar da masu tallar wasan ba su cika so ba. Galibin ƴan NFL ba su wuce shekara uku zuwa huɗu suna wasa. Wani likita ɗan Najeriya, Bennet Omalu, shi ya fara bayyana a 2005 irin lalacewar da yawan bugun kai ke yi wa ƙwaƙwalwar tsoffin ƴan wasan. A 2017 masanan jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar mamata 111 da suka buga NFL, suka sami ciwon a 110. Iyalai ne suka ba da su, galibi don sun ga alamu tun mamatan suna raye, saboda haka adadin ba ya wakiltar kowa. Amma ya isa ya sa uba ya yi tunani.

A filin balo

Zari-rugar Amurka ba wasan ƙasarmu ba ne, amma abin da ya faru a can ya maimaitu a ƙwallon ƙafar da aka sani. Bolt, mai zinariyar Olamfik takwas, ya je gwaji a ƙungiyar Central Coast Mariners ta Ostareliya a 2018. Ya ci ƙwallo biyu a wani wasan sada zumunta a watan Oktoba, duniya ta ɗauka, amma ba a kai ga kwangila ba, a Nuwamba aka rabu. Mutumin da ya fi kowa gudu a tarihi bai sami gurbi ba a gasar da ba ta cikin manya.

A gefe guda kuma ga Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars. Kowa ya san shi da gudu. Amma mai son ya gane sirrin ya sake kallon ƙwallonsa ta farko a ragar Aislan a gasar cin kofin duniya ta 2018: ƙwallon da Victor Moses ya aiko ta zo a sama, ya sauke ta da taɓi ɗaya, ya doka kafin mai tsaron baya ya farga. A ta biyu ya tsere wa mai gadinsa, sa'an nan ya lafa, ya kewaye gola, ya zaɓi kusurwa. Gudu ne ya kai shi bakin raga, lafawar ce ta ci. Namu Musa Ma'azu, wanda ya ci Masar a Yamai a Oktoba 2010, a hanyar da ta kai Mena gasar Afirka ta farko a 2012, shi ma ƙafarsa ce ta fitar da shi zuwa Lokeren ta Baljiyam. Zamansa a Mosko da Bordo, inda masu tsaron baya ba su barin fili a bayansu, bai yi albarka kamar na Lokeren ba.

Abin da ya rage ga hukumomi da malamai

Yaron Urafan ko na Gidan Amumun da ya tashi yana gudu a kan jigawa, yana langa, yana kokowa da kaka, yana buga balo da yamma, ya riga ya sami abin da Hines ya rasa: jikinsa ya san juyi, ya san faɗuwa, ya san karo. Kuskure ne a raba shi da waɗannan wasanni tun yana ɗan shekara goma don a mai da shi abu guda. Kuskure ne kuma, in ya kai shekara sha bakwai ko sha takwas kuma ya tabbata ɗan tsere ne, a fizge shi a jefa cikin ƙungiyar balo don kawai can ne ake jin ƙamshin kuɗi. Garin ya yi asarar ɗan tsere, bai kuwa sami ɗan ƙwallo ba.

Ƙasar nan ta san yadda ake gina wasa a kan abin da jama'a suka iya. Gasar kokowa ta ƙasa da aka soma a Tawa a 1975, wadda Yakuba Kantu na jahar Maraɗi ya fara ɗaukar takobinta, ta tsaya da ƙafarta ne domin akwai tsani daga dandalin ƙauye zuwa gunduma, zuwa jaha, zuwa ƙasa. Lambobin Olamfik biyu da Nijar ke da su, tagullar Isaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdul Razak Isufu Alfaga a taikwando a 2016, duka na mutanen da suka tsaya kan fanninsu ne. A tsere ma hanya ba a toshe take ba: Aminatu Seyni ta ɗauki kambin Afirka na mita 200 a 2022, a shekarar kuma ta zo ta huɗu a gasar duniya a Amurka.

Wani sabon abu yana tafe da ya kamata masu kula da wasanni su sani. A wasannin Olamfik na Los Anjalas na 2028 za a shigar da wani nau'in zari-rugar Amurka marar bangaza, mutum biyar-biyar, inda ake tsayar da mai ƙwallo ta hanyar fizge ƙyallen da ya ɗaura a ƙugu. Ba hular kwano, ba lifidi, maza da mata duka suna yi. A nan nauyi ya rage daraja, sauri ya ƙaru, amma cafewa da karya kwana suna nan daram.

Kafin a kai can, abin da ake bukata a kowace kwaleji ta Tasawa da Mayahi bai fi ƙarfin kowa ba: igiyar awo, fili mai tauri da aka share aka auna mita 100 cif, da littafin da malami zai riƙa rubuta sunan yaro da shekarunsa da lokacinsa kowane zangon karatu. Agogon wayar salula ya isa a fara da shi, muddin an tuna cewa awon hannu yakan rage wa mai gudu kusan rubu'in sakan, don haka yaron da aka rubuta wa 11 daidai, a agogon lantarki na filin wasa na Janar Seyni Kunce a Yamai zai fito kusa da 11,24. A gefen wannan layi sai a kafa turaku biyar, tsakanin kowane biyu taki biyar, a sa yaran su ratsa su da ƙwallo a ƙafa, a rubuta wannan lokaci ma a shafi na biyu.